Kafireta Mai Yoyo: A Gyara Ko A Sauya?

Kafireta ce ke haɗa fetur da iska kafin su shiga inji. Sababbin motoci sun koma injekta, amma a Yola da Jimeta har yanzu tsofaffin Peugeot 504, irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, suna dakon kaya zuwa Ngurore da Numan. Galibinsu kafiretar Solex gare su.

Idan ta fara yoyo, kar ka ce sai gobe. Fetur ne ke ɗiga kan inji mai zafi, a garin da zafinsa kan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Ga kuma tsadar mai tun janye tallafi a 2023.

Inda man ke fita shi ne alƙali. In gasket ne ya bushe, ko fulot ya huje, ko allurar da ke tsayar da mai ta cinye, wannan aikin gyara ne: bakanike ya kwance, ya wanke, ya sa sababbi. Dattin man bumburutu kaɗai kan hana allura rufewa, don haka a sauya filta ma.

Amma in jikinta ya tsage, ko sandar totur tana girgiɗi a mazauninta, gyara asarar kuɗi ce. Gam ba ya jure fetur, komai rantsuwar mai gareji.

Mazauna Legas masu aikawa gida daga Ladipo, ku sa a turo muku hoton tsohuwar da lambar jikinta. Tokumbo ta asali ta fi sabuwa ta jabu.