Sunan Shehu a Kan Takarda: Matsalar Jingina Rubutu a Wurno da Kewaye

A Japan akan sami zanen tsaunuka da koguna na ratayawa a bango ɗauke da hatimin mai zane Sesshu, wanda ya rasu wajen 1506, amma masanan can ba sa tsayawa ga hatimi, domin an daɗe ana kwaikwayonsa. Sai sun duba takarda da tawada da hannun mai zanen. Irin wannan matsala tana kwance cikin gafakokin malamai a Wurno, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a cikinsa a 1837, haka ma a zaurukan Rabah da Goronyo.

Mu ɗauki waƙar Tabbat Haƙiƙa. Jama'a na cewa ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ce, kuma ba su yi ƙarya ba, shi ya tsara ta da Fulatanci. Sai dai 'yarsa Nana Asma'u ce ta mayar da ita Hausa, ƙanenta Isa kuma ya yi mata tahamisi, wato ya ɗora layi uku a kan kowane baiti mai layi biyu. Ke nan duk wanda ya kafa hujja da wannan waƙa a kan Hausar Shehu, Hausar 'ya'yansa ya nazarta.

Takardar kanta tana ba da shaida. In aka ɗaga ta ga haske, sau da yawa za a ga tambarin jinjirin wata uku, alamar takardar Italiya da fatake suka ƙetaro da ita Sahara. A ƙarshen rubutu kuma mai kwafi yakan sa sunansa, mai waƙa yakan ɓoye shekara cikin ramzi, wato haruffa masu wakiltar lambobi. Amma a kula, takarda shekarun kwafi take nunawa, ba lokacin da aka wallafa littafin ba.

Wata jinginawar ma da gangan ake yin ta. A 2020 masanin tarihi Mauro Nobili ya nuna cewa Nuhu ɗan Ɗahiru ne ya sake fasalin Tarihul Fattash a ƙarni na 19 don ƙarfafa mulkin Ahmadu Lobbo na Masina.

Wasu na ganin tambayar "wa ya rubuta?" rashin ladabi ce ga magabata. Ban yarda ba. Mutanen da suka karantar da hadisi da isnadi ba za su so a ɗora musu abin da ba su faɗa ba. Ina kira ga magadan waɗannan littattafai da su riƙa rubuta daga hannun wa kowane kwafi ya fito, tun dattawan da suka sani suna raye.