Dutsen sama: shin akwai wanda asalinsa daga duniyarmu ne?

Dutsen sama shi ne guntun dutse ko ƙarfe da ya yi yawo a sararin samaniya sannan ya faɗo ƙasa. Yayin faɗowa iska takan ƙone bayansa, ta bar masa baƙin ɓawo mai santsi. Ba shi ne gatarin aradu da manoma ke tsinta a gonakin Safo ko Madarunfa ba. Wannan kayan aikin mutanen dā ne, da hannu aka sassaƙa shi.

Mafi yawan duwatsun sama ɓarɓashi ne na manyan duwatsu masu kewaya rana tsakanin Mars da Jupita. Kaɗan sun fito daga wata ko Mars. Ƙasar Hausa ta ga irinsu: ranar 3 ga Oktoban 1962, dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, lardin Katsina, daga baya bincike ya tabbatar daga Mars yake. Wani babban karo ne ya cillo shi daga can.

To, idan dutse zai iya barin Mars, na duniyarmu fa, zai iya fita ya dawo? Masana sun ce mai yiwuwa ne, amma da wuya. Kafin ya kuɓuce wa jan duniya sai gudunsa ya kai kilomita 11.2 a daƙiƙa, alhali a Mars kimanin 5 ya isa. Ga kuma kaurin iskarmu da ke rage masa gudu.

Dutsen da ake muhawara a kansa shi ne NWA 13188, mai giram 646, wanda aka samu a Maroko a 2018. A Yulin 2023, a wani taron masana a Liyon, Jérôme Gattacceca na cibiyar bincike ta CNRS ta Faransa ya nuna cewa sinadaransa irin na duwatsun aman wuta na duniya ne. Amma yana da ƙonannen ɓawo, kuma hasken sararin samaniya ya bar masa alamar zaman kimanin shekara 10,000 a waje. Masu shakka suna tambaya: ina ramin karon da ya jefa shi? Ba a gano ba, don haka maganar ba ta yanku ba. Haka ma wani dutse da ƴan sama-jannatin Apollo 14 suka ɗauko daga wata a 1971: wani bincike na 2019 ya ce guntun da ke cikinsa wataƙila na duniya ne.

Batun ya shafi Nijar, domin hamada na adana irin waɗannan duwatsu shekaru dubbai. A Nuwamban 2023 aka tsinci NWA 16788 a jihar Agadas, dutsen Mars mai kusan kilo 25. A Yulin 2025 kamfanin Sotheby's ya sayar da shi a New York kan dala miliyan 5.3, kusan miliyar 3 na sefa. Gwamnati ta buɗe bincike kan yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da duwatsun sama.

Ido kaɗai ba ya sanin asalin dutse, sai an kai shi ɗakin gwaji. Wanda ya tsinci baƙin dutse mai ƙonannen ɓawo, kada ya wanke shi ko ya fasa shi. Ya riƙe wurin da ranar, ya sanar da hukuma kafin dillali ya yi masa tayi.