Zelda Fitzgerald da Rawar da Ta Makara

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su kuma ce gemu ba ya hana ilimi. Tarihin wata Ba'amurkiya, Zelda Fitzgerald, ya faɗo ne tsakanin waɗannan karin magana biyu.

Rawar bale, wadda mata ke yi bisa kan yatsun ƙafa, ta girma ne a fadar Faransa, inda Sarki Louis na 14 ya kafa mata makaranta a 1661. A wancan zamani fadawa da 'ya'yan sarauta ke yin ta, sarkin da kansa ya yi ta takawa har ya kai shekara talatin. Da ta koma sana'a sai ƙa'idojinta suka tsananta. Dole a juya ƙafa waje tun daga ƙugu, abin da jiki ya fi karɓa kafin gaɓoɓi su ƙosa. Shi ya sa manyan makarantun Rasha ke ɗaukar yara tun suna shekara goma.

An haifi Zelda a 1900 a garin Montgomery na jihar Alabama. Ta taɓa rawar tana yarinya, ta watsar. A 1920 ta auri marubuci F. Scott Fitzgerald, wanda ya rubuta The Great Gatsby. Duniya ta san ta da matar Scott, shi kuwa yana tsintar kalmomi daga wasiƙunta da littafin ajiyar sirrinta yana zubawa cikin labaransa. Wasu gajerun labaran da ta rubuta ma da sunansa aka buga su.

A 1927, tana da shekara 27 da 'ya ɗaya, ta koma aji a Philadelphia wajen Catherine Littlefield. Ta sa aka kafa mata ƙaton madubi a gida, ta wuni gabansa. Shekara ta zagayo ta tafi Paris wajen Lubov Egorova, tsohuwar tauraruwar Rasha. Takan yi awa takwas a rana tana atisaye, ƙafafu na jini, jiki na ramewa. Mijinta ya ɗauki abin ɓata lokaci. Ita kuwa abin da take nema shi ne wani abu guda da ba wanda zai ce aro ta yi.

A watan Satumba na 1929 takarda ta zo daga birnin Naples na Italiya: gidan wasan San Carlo na gayyatar ta, har da rawar da za ta yi ita kaɗai a wasan Aida. Ga mace da ta koma aji shekara biyu kacal, wannan ba ƙaramin yabo ba ne. Ba ta je ba. A watan Afrilu na 1930 ta kamu da taɓin hankali, aka kwantar da ita kusa da Paris, daga nan aka wuce da ita Suwizalan.

Tana kwance Scott ya rubuta wa Egorova yana tambayar iyakar iyawar matarsa. Malamar ta amsa cewa Zelda ta makara, ba za ta kai sahun farko ba, amma tana iya riƙe rawa mai muhimmanci a ƙungiya ta ƙwararru. Rabin farko na amsar aka riƙe, rawa ta ƙare.

Naples ɗin da ba ta je ba sai ta je shi a takarda. A 1932, a wani asibiti a Baltimore, cikin makonni kaɗan ta rubuta littafinta Save Me the Waltz. Jarumar, Alabama Beggs, ta karɓi irin wannan gayyata, ta yi rawa a Naples, sai ciwon ƙafa ya tsayar da ita. Littafin bai yi kasuwa ba, kwafi 1,392 aka sayar. Zelda ta rasu a 1948 cikin gobarar asibitin Highland da ke Asheville, ita da wasu mata takwas.

An daɗe ana ba da labarinta a matsayin gargaɗi ga mai fara abu a makare. Amma amsar Egorova ba haka ta nuna ba. Babba na iya koyo har ya ƙware. Ma'aunin da aka ɗora wa Zelda, ko tauraruwa ko banza, shi ya yi nauyi. A 2017 makarantar Royal Academy of Dance ta Landan ta buɗe azuzuwan Silver Swans don masu shekara 55 zuwa sama. Suna zuwa, su kama sandar jikin bango, su koyi tsayuwa biyar na farko, ba mai tambayar malama ko za su kai sahun gaba.