Daga Native Client zuwa WebAssembly: yadda manyan manhajoji suka shiga burauza

A watan Afrilun 2017 kamfanin Google ya fitar da sabuwar Google Earth ta intanet, amma ba ta buɗewa sai a burauzar Chrome. An rubuta manhajar ne da harshen C++, wanda ake juyawa zuwa umarnin da kwamfuta ke aiwatarwa kai-tsaye, alhali harshen da kowace burauza ta sani shi ne JavaScript.

Tun da farko ana cike wannan giɓi ne da ƙarin manhajoji irin su ActiveX da Flash. Ta nan masu kutse suka riƙa samun ƙofa, har aka yi watsi da su.

A 2011 Google ya sanya Native Client a cikin Chrome. Tsarin yana bincika umarnin kafin ya bar shi ya yi aiki, kuma a killataccen wuri. Yana da sauri ƙwarai, sai dai Mozilla da Apple da Microsoft duk sun ƙi karɓarsa. A kansa aka gina waccan Google Earth.

Mozilla ta bi wata hanya a 2013 da asm.js. Manhajar Emscripten, wadda Alon Zakai ya ƙirƙira, tana juya C++ zuwa wani taƙaitaccen nau'in JavaScript, don haka kowace burauza na iya karanta shi. Aibinsa nauyi: dogon rubutu ne da ƙaramar waya ke daɗewa tana warwarewa.

WebAssembly, wanda aka sanar a 2015, ya ɗauki dabarar asm.js ya matse ta cikin ƙaramin fayil. Abin da ya fi ba shi nasara shi ne kamfanonin huɗu sun yi aikinsa tare. Kafin ƙarshen 2017 ya shiga Chrome da Firefox da Safari da Edge, kuma a watan Mayun shekarar Google ya sanar da janyewa daga tsarinsa. A 2020 Google Earth ta buɗe a Firefox.

Killacewar tana kare fayilolin mai kwamfuta, amma ba ta kare ƙarfin na'urarsa. Masu kutse sun dasa Coinhive, manhajar haƙar kuɗin Monero mai amfani da WebAssembly, a shafuka masu yawa, tana cin batirin masu ziyara ba da saninsu ba, har aka rufe ta a watan Maris na 2019.