Yadda Girkanci da Latin Suka Sami Gindin Zama a Jami'ar Badun

A farkon shekarar 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun da ɗalibai 104, waɗanda aka kwaso daga Babbar Kwalejin Yaba ta Legas. A lokacin Najeriya na ƙishirwar likitoci da injiniyoyi da malaman gona. Duk da haka, cikin sassan da aka fara da su akwai na tsohon Girkanci da Latin, harsunan da suka daɗe da barin bakin talaka suka koma cikin littattafai.

Dalilin yana Ingila. Can, ƙarni bayan ƙarni, ba a ce da mutum mai ilimi sai ya iya waɗannan harsuna biyu. Jami'ar Oxford ba ta daina tilasta wa masu neman shiga sanin Girkanci ba sai 1920, shi kuwa Latin ya kai har 1960. Da yawa daga cikin razdanoni da di'o-di'o da aka turo ƙasashen nan da wannan karatu aka yaye su. Kwalejin Badun kuma a ƙarƙashin Jami'ar Landan take, digirin Landan take bayarwa har zuwa 1962, don haka ma'aunin can shi ne ma'aunin nan. Haka abin yake a Gana, inda shugaban farko na kwalejin da ta zama Jami'ar Legon, David Balme, masanin littattafan Aristo ne.

Sai dai wanda ya ce Turawa ne kaɗai suka ɗora wa mutane wannan kaya bai faɗi labarin duka ba. Tun 1827 'yan mishan suka kafa Kwalejin Fourah Bay a Saliyo, kuma Samuel Ajayi Crowther na cikin ɗalibanta na farko. Mai son fassara Sabon Alkawari zuwa Yarbanci dole ya san Girkancin da aka rubuta shi da shi. A 1876 aka haɗa kwalejin da Jami'ar Durham, a Legas kuma makarantar sakandaren 'yan mishan ta CMS da aka buɗe a 1859 tana koyar da Latin da Girkanci. Iyayen yara ne suka fi dagewa a kan haka, don suna jin Turawa da yawa na cewa baƙar fata kafinta da noma kawai suka dace da shi. Latin shi ne mabuɗin zama lauya ko likita ko limamin coci. Edward Blyden, wanda ya koyar da harsunan biyu a Kwalejin Laberiya, ya tsaya tsayin daka a kan a ci gaba da koyar da su, ya kuma nemi a haɗa da Larabci, wanda shi da kansa ya koya.

Ɗaliban farko na sashen na Badun ba su sha wahalar samun aiki ba. Mawaƙi Christopher Okigbo a nan ya yi digiri. Haka Bola Ige, wanda ya yi gwamnan tsohuwar Jihar Oyo, da Emeka Anyaoku, wanda ya riƙe sakatare janar na ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila daga 1990 zuwa 2000.

Da 'yancin kai ya gabato, sai tambaya ta taso: me ya haɗa ɗan Najeriya da Rumawa? Amsar da ta fi ƙarfi ta fito daga malamai biyu da suka iso Badun a 1956, John Ferguson ɗan Ingila da Lloyd Thompson, baƙar fata daga tsibirin Barbados, wanda ya yi kusan shekara 40 yana koyarwa a can. Suka karkata akalar karatun zuwa Afirka. Ashe wani babban ɓangare na labarin Rum a wannan nahiya ya faru. Marubucin wasan kwaikwayo Terence ɗan Kartaj ne, a Tunisiya ta yau. Augustine a Aljeriya aka haife shi a 354. Septimius Severus, wanda ya hau gadon sarautar Rum a 193, ɗan gaɓar Libiya ne. Herodotus ya ba da labarin wasu samari da suka ratsa Sahara har suka iske babban kogi mai kadoji yana gangarawa daga yamma zuwa gabas. Ptolemy kuma ya rubuta cewa wani Julius Maternus ya bi sarkin Garamantawa na Fezzan tafiyar wata huɗu kudu, zuwa wata ƙasa mai suna Agisymba inda karkanda ke taruwa. Har yau masana na gardama ko yankin Tafkin Chadi ne ko Azbin. A 1969 malaman biyu suka fitar da littafin Africa in Classical Antiquity, a 1989 kuma Thompson ya wallafa Romans and Blacks, inda ya bi diddigin yadda Rumawa suke kallon baƙar fata. A ganina wannan aiki ne ya ceci sashen. Latin ya ɓace daga yawancin makarantun sakandare, amma sashen Badun yana nan, shi kaɗai tilo a duk faɗin ƙasar.

Arewa ta bi wata hanya dabam, don tana da nata tsohon harshen ilimi. Makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934 ta zama Makarantar Koyon Larabci a 1947, Kwalejin Abdullahi Bayero kuma ta ɗora a kai. Shi ya sa ake ɗaukar Girkanci a matsayin abin 'yan Kudu.

Wannan ɗauka tana ba ni takaici, domin tunanin Girkawa ya riga Turawa isowa ƙasar Hausa da ɗaruruwan shekaru, cikin rigar Larabci. A Bagadaza ta Abbasiyawa, Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873, ya fassara littattafan likita Jalinusu, ɗansa da almajiransa kuma suka juya na Aristo. Gabatarwar da Porphyry ya rubuta wa manɗiƙin Aristo ta zama Isaguji, Al-Abhari ya ari sunan ya sa wa taƙaitaccen littafinsa, sannan Al-Akhdari, wannan dai mai littafin Ahalari da kowane almajiri ya sani, ya tsara ilimin a waƙe cikin Sullam. Shehu Al-Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi wallafa a manɗiƙi, har ya yi musayar baitoci da Suyuɗi yana kare halaccin karanta shi. Malamin da ke biya wa ɗalibai Sullam a zaure yau yana koyar da ƙiyasin da ake karantawa da Girkanci a Badun. Tara littattafan Larabci ma a Badun ba baƙon abu ba ne, John Hunwick ya yi wannan aiki a can tun shekarun 1960. Abin da ya rage shi ne ɗalibin da zai iya ajiye matanin Girkanci kusa da na Larabci ya duba abin da masu fassara suka riƙe da abin da suka sauya, kuma jami'o'in Kano da Sakkwato da Zariya sun riga sun horar da shi rabin aikin.