Yadda Wutar Kainji Ta Tsallake Ƙauyukan Bakin Kwara

A shekarar 1962 gwamnatin Najeriya ta kafa hukumar da za ta datse Kogin Kwara domin samar da lantarki, kuma a 1964 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya aza harsashin madatsar Kainji. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 82, kamfanin Impregilo na Italiya ya karɓi ginin. Ko yaƙin basasa bai tsayar da aikin ba. An kammala a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969.

Waɗanda suka fara biyan kuɗin wannan wuta su ne mutanen masarautun Borgu da Yawuri. Ruwa ya shanye tsohon garin Busa ɗungurungum, aka tayar da mutane kimanin 44,000. Gungawa, waɗanda suka gaji zaman tsibirai da noman albasa a fadama, aka kwashe su zuwa tudu, cikin gidajen siminti da ba su yi kama da ginin iyayensu ba. Kambari da Sarkawa masunta ma abin ya shafe su. Wanda ya san darajar fadama a wurin manomi ya san cewa ɗaki biyu na siminti ba su isa diyyarta ba.

To ina wutar ta nufa? An tsara injina 12, aka kafa 8 masu ƙarfin megawat 760, sannan aka ja manyan wayoyi zuwa Legas da Kaduna, inda masaƙu da ma'aikatu suke. Daga baya ma har Yamai ta kai ta hanyar Birnin Kebbi. Irin wannan waya ba a jona ta da gida. Sai an gina tashar rage ƙarfi, an kafa taransifoma, an jera turaku har cikin gari, kuma wannan ɗawainiya ba ta cikin lissafin masu tsarin. A wurinsu ƙauye ba kasuwa ba ce. Shi ya sa manomi ke ganin waya ta ratsa saman gonarsa, da dare ya kunna aci-balbal.

Hukumar lantarki ta ƙasa, NEPA, ta gaji madatsar a 1972, aka ƙara ta Jebba da ta Shiroro, a 2013 kuma aka miƙa Kainji ga kamfanin Mainstream. Hannu ya sauya, tsari bai sauya ba. Ƙari a kan duhu, idan aka saki ruwa da damina, gonakin mutanen da ke ƙasan madatsar ne ke nutsewa.

Sai a 2010 aka yi dokar kafa hukumar HYPPADEC domin raya waɗannan yankuna, ita ma ta yi kusan shekara goma a takarda kafin ta fara aiki. Mutanen da suka ba da ƙasarsu tun 1968 ba alfarma suke nema ba. Bashi suke bin Najeriya, kuma ya kamata a fara biyansa da taransifoma a kowane ƙauye na bakin tafkin Kainji.