Madikeri: Garin Da Fadarsa Ta Koma Ofis

 Yau za mu leƙa kudancin Indiya, wani gari mai suna Madikeri, hedikwatar gundumar Kodagu a jihar Karnataka. Gari ne a kan tsaunuka, mai yawan ruwan sama, gonakin kofi sun kewaye shi. A ƙidayar 2011 mutanensa ba su kai dubu 35 ba. A ƙasar da ke da birane masu miliyoyin mutane, wannan bai wuce unguwa guda ba. To amma ku ji abin da ya faru a cikinsa.

Wani sarki mai suna Mudduraja, daga gidan sarautar Haleri, shi ya kafa garin a 1681, ya gina ganuwa da fada. Daga sunansa ma garin ya samo suna. Bayan kusan shekara 100 sai Tipu Sultan na Mysore ya mamaye yankin, ya sake gina ganuwar da dutse, ya sauya mata suna zuwa Jaffarabad. A 1790 sarki Dodda Vira Rajendra ya ƙwato ta, sarautar ta dawo gida.

Ba ta daɗe a gidan ba. A 1834 sojojin Kamfanin Gabashin Indiya, wato kamfanin Turawan Ingila da ke mulkin ƙasar a lokacin, suka shigo. Suka tuɓe sarki na ƙarshe, Chikka Vira Rajendra, suka kai shi Banaras. A 1852 ya tafi Ingila tare da 'yarsa Gouramma, yana neman a biya shi dukiyarsa. A can aka yi wa yarinyar baftisma, Sarauniya Biktoriya ta tsaya mata a matsayin uwa, har aka sa mata sunanta. Shi kuwa bai sake ganin tsaunukansa ba. Ya rasu a Landan a 1859.

Turawa suka riƙa kiran garin Mercara, yankin kuma Coorg. Ba su rushe fadar ba, sai suka mayar da ita wurin aikin mulki, suka gina coci a cikin ganuwar. Bayan 'yancin kai a 1947, Coorg ta zama 'yar ƙaramar jiha mai majalisarta da babban ministanta, C. M. Poonacha, Madikeri kuma babban birninta. A 1956 aka sake fasalin jihohin Indiya bisa harsuna, aka haɗe Coorg da jihar Mysore, wadda ta koma Karnataka a 1973. Daga fadar sarki, zuwa babban birnin jiha, zuwa hedikwatar gunduma. Shekaru da dama ofisoshin gunduma suna cikin wannan fada, talaka yana shiga da takardar gonarsa ta ƙofar da sarakuna suka bi. Cocin kuwa yau gidan tarihi ne.

Ga inda abin ya shafe mu. A wannan shekara ta 1956 wani marubuci, Masti Venkatesha Iyengar, ya fitar da littafin ƙagaggen labari da harshen Kannada a kan sarkin nan na ƙarshe, ya sa masa sunan sarkin. Masti tsohon ma'aikacin gwamnatin Mysore ne, ya san ofis ciki da bai. Bai wanke sarkin don Turawa ne suka tuɓe shi ba. Ya nuna zaluncinsa da rauninsa, ya nuna yadda ɓarakar cikin gida ta buɗe wa baƙo ƙofa. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1983 aka ba Masti Jnanpith, babbar lambar yabon adabi ta Indiya.

Da yawanmu in za mu rubuta labari sai mu ruga babban birni, ko ƙasar da ba mu taɓa takawa ba, muna ganin garinmu ya yi ƙanƙanta. Masti bai raina ƙaramin gari ba, bai kuma bar harshensa ba. Kafin mako mai zuwa, kowa ya tambayi wani dattijo: tsohon ginin hukumar garinmu, wa ya fara zama a ciki, kuma yaya ya bar shi? Sai mu ji amsoshinku.